Mudun Haske: Yadda Ake Auna Hasken Ranar da Duniya Ke Mayarwa, da Abin da Ya Shafi Dajinmu

Jawabin da malaman kimiyya da labarin ƙasa na reshenmu suka gabatar wa 'yan ƙungiya a Tsohon Birnin Gwari



 An nemi mu ɗauko wani batu na ilimi mu tattauna a kansa, sai muka zaɓi wanda a farkon ji za a ce ya yi nisa da mu, wato yadda masana ke auna hasken ranar da duniya ke mayarwa sama, da yadda suke kwatanta awon wannan tauraron ɗan'adam da na wancan kafin su yarda da sakamako. Muna roƙon ku yi haƙuri da mu zuwa ƙarshe, domin zancen zai tashi daga kan wata, ya bi ta sararin samaniya, sannan ya sauko dajin Kamuku, ya shiga cikin azuzuwanmu.

Bari mu fara da abin da kowa a nan ya taɓa gani. Idan wata ya kwana biyu ko uku, aka fita bayan magariba aka dubi yamma, ana ganin jinjirin watan kamar lauje, amma wanda ya ƙura ido zai ga sauran jikinsa a zagaye, yana wani haske dishi-dishi mai launin toka. Wata ɗaliba 'yar aji shida ta taɓa tambayar ɗaya daga cikinmu inda wannan haske ya fito, tun da an koya musu cewa rana ba ta haska wannan ɓangaren a lokacin. Amsar ita ce daga duniyarmu ya fito. Rana ce ta haska duniya, duniya ta mayar da wani kaso sama, ya faɗa a kan wata, watan kuma ya sake maido mana da ɗan kaɗan. Lokacin da muke magariba a Birnin Gwari, rana tana kan nahiyar Amurka da tekunan da ke gefenta, saboda haka gajimaren can ne muke gani a fuskar watan. Leonardo da Vinci, mutumin Italiya, ya bayyana wannan tun wajen shekarar 1510.

Ga lissafin a taƙaice. Idan aka raba hasken da rana ke aiko wa duniya daidai wa daida, dare da rana, kudu da arewa, kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya zai sami kimanin wat 340. Daga ciki, kimanin wat 100 yana komawa sama ba tare da ya ɗumama komai ba. Wato kusan kashi 30 cikin ɗari ke nan. Wannan kaso shi masana ke kira albido. Kowane abu yana da nasa gwargwadon. Teku baƙi ne, ba ya mayar da fiye da kashi 6 ko makamancin haka idan rana tana tsaka. Daji mai duhuwa yana mayar da kashi 10 zuwa 18, ciyawa ta fi haka kaɗan, yashin Sahara ya kai kashi 35 zuwa 40, sabuwar dusar ƙanƙara kuwa ta haura kashi 80. Gajimare shi kaɗai yana ɗauke da kusan rabin abin da duniya ke mayarwa. Duk wanda ya taɓa sa baƙar riga a watan Afrilu ya san ma'anar wannan a jikinsa.

Abin da ya sa ake damuwa da shi kuwa, idan kason nan ya ragu da ɗaya tak cikin ɗari, daga 30 zuwa 29, duniya za ta riƙe ƙarin wat 3.4 a kan kowane murabba'in mita, wanda ya kusan kai ɗumamar da za a samu idan iskar kabon da ke sararin sama ta ninka biyu. Ke nan ana bukatar ma'auni mai kaifi ƙwarai, domin canjin da ake nema ƙarami ne, amma sakamakonsa babba.

Kafin zuwan taurarin ɗan'adam, masana ƙiyasi suke yi, wasu su ce kashi 35, wasu su haura 40. André Danjon, wani masanin taurari Bafaranshe, ya shafe shekaru yana auna hasken tokar nan na jikin wata don ya gano amsar. A 1959 Amurka ta harba tauraron Explorer 7 ɗauke da na'urar Verner Suomi, ta farko da ta auna zafin da duniya ke fitarwa daga sama, kuma a 1971 Suomi da ɗalibinsa Thomas Vonder Haar suka nuna cewa kason ya tsaya wajen 30. A 1984 hukumar NASA ta fara shirin ERBE. Bayansa aka ƙera na'urorin da ake kira CERES, aka ɗora su a kan tauraron Terra a watan Disamban 1999, da Aqua a watan Mayun 2002, da Suomi NPP a 2011, da NOAA-20 a 2017. A 2015 aka harba DSCOVR, aka ajiye shi kimanin kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan, tsakaninmu da rana, don ya riƙa kallon fuskar duniya da rana ta haska gaba ɗaya. A watan Mayun 2024 Turai da Japan suka harba EarthCARE don nazarin gajimare da ƙura.

Mai sauraro zai iya tambaya, da wannan tarin na'urori, ina wahalar take? Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a wannan fage shi kansa mudun sai an tuhume shi, saboda dalilai huɗu.

Na farko, tauraro yana kallon wuri ne daga kusurwa guda, alhali haske yana tarwatsewa ta ko'ina. Sabon rufin kwano yana kashe idon wanda ke tsaye a gabas da shi da yamma, wanda ke kudu kuwa ba ya ganin ƙyallin. Dole a yi lissafin abin da ya bi ta sauran kusurwoyin. Na biyu, lokaci. An tsara Terra ya riƙa ratsa tsakiyar duniya da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, Aqua kuma ƙarfe ɗaya da rabi na rana, kuma mu da ke nan mun san cewa a watan Agusta hadarin safe daban, na la'asar daban. Na uku, na'ura tana tsufa. Madubinta yana dusashewa, sai ta riƙa ganin duniya ta yi duhu alhali idonta ne ya raunana. Na huɗu, tauraron kansa yana sauka ko ya goce daga hanyarsa. Tauraron shirin ERBE ya sauko ƙasa da wasu kilomitoci cikin shekaru, sai da aka sake lissafin awonsa aka gyara.

Saboda haka masana suka ɗauki hanyar da 'yan kasuwar hatsi suka sani tun kaka da kakanni. Mudun da ba a tabbatar da girmansa ba zai iya nuna ko hatsi ya ƙaru ko ya ragu, muddin shi ɗin ake amfani da shi kullum. Amma ranar da za a sauya mudu, sai an auna hatsi ɗaya da tsohon da sabon a gaban shaidu. Shi ya sa ake harba sabon tauraro tun tsohon yana aiki, su yi shekaru suna kallon wuri ɗaya. Ana kuma gwada su a kan wuraren da haskensu ba ya canjawa, kamar wasu filayen yashi a Libiya da Aljeriya da Muritaniya da arewacin Nijar, da kan manyan gajimaren hadari masu fari fat, da kan wata. Hamadar da ke arewa da mu ita ce mudun gwajin duniya.

An taɓa samun saɓani mai ban sha'awa. Tun 1998 masana a tashar Big Bear da ke Kalifoniya, ƙarƙashin jagorancin Philip Goode, suka farfaɗo da hanyar Danjon, suna auna hasken toka na jikin wata da madubin hangen nesa. Idan suka dubi tsohon wata da asuba, hasken tekun Atlantika da yammacin Afirka suke aunawa, har da na ƙasarmu. A 2004 Enric Pallé da abokan aikinsa na wannan tasha suka wallafa cewa duniya ta ƙara haske sosai tun daga 2000. A 2005 Bruce Wielicki na NASA da abokansa suka wallafa cewa na'urorin CERES sun nuna akasin haka, duniya duhu ta ƙara. Shaidu biyu, magana biyu. Ba a ce wancan na gwamnati ne don haka shi ke da gaskiya ba, kowane ɓangare ya koma ya binciki kayan aikinsa. Masu CERES suka gano cewa madubin na'urarsu ya ɗan dusashe, da suka gyara sai mafi yawan raguwar ta ɓace. Masu kallon wata su ma suka sake lissafi, ƙaruwar da suka faɗa ta ragu ƙwarai. Kowannensu yana da kuskure, kuma da ba a kwatanta su ba, da ba wanda zai gane nasa.

Bayan shekara ashirin ana awo, a 2021 Goode da abokansa suka fitar da sakamakon 1998 zuwa 2017. Sun sami raguwar kimanin rabin wat a kan kowane murabba'in mita, mafi yawanta a shekarun ƙarshe. Raguwar da CERES ta nuna ta kai kusan ninki biyu na wannan. Har yau adadinsu bai zo ɗaya ba, amma hawa da saukarsu daga shekara zuwa shekara sun yi daidai, kuma sun fuskanci alƙibla ɗaya: duniya tana ƙara duhu. Kada a raina rabin wat. Idan aka ninka shi da faɗin duniya, murabba'in kilomita miliyan 510, ya fi ƙarfin madatsar ruwan Kainji mai megawat 760 sau fiye da 300,000.

Aka kuma kira shaida na uku, wanda bai taɓa kallon sama ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na rarar zafin da duniya ke riƙewa cikin teku yake shiga, kuma akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke nutso suna tasowa a tekunan duniya suna auna zafin ruwa. A 2021 Norman Loeb na NASA da abokansa suka kwatanta awon sama da na teku, suka tarar duka biyun sun nuna cewa rarar zafin ta kusan ninka biyu tsakanin 2005 da 2019. A watan Disamban 2024 Helge Goessling da abokansa a Jamus suka nuna cewa a 2023 hasken da duniya ta mayar ya yi ƙasa fiye da kowace shekara da aka auna, musamman saboda raguwar gajimare na ƙasa-ƙasa a kan teku, kuma wannan ya ƙara wa zafin shekarar kimanin digiri 0.2. Masana suna muhawara a kan dalili: sauyin da teku ke yi da kansa, ko raguwar hayaƙin masana'antu da na jiragen ruwa, waɗanda aka rage wa sinadarin farar wuta a mansu daga kashi 3.5 zuwa 0.5 a watan Janairun 2020, ko kuwa ɗumamar ce da kanta ke korar gajimaren. Mu dai mun ji zafin bazarar 2024 a jikinmu, lokacin da garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5.

Yanzu mu sauko gida, domin wannan awo ya taɓa zama hujjar tuhumar mutanen ƙasashenmu. Dattawan da ke cikinmu suna tuna farin 1972 da 1973, lokacin da dabbobi suka mutu, mutanen arewa suka kwararo kudu neman abinci. A daidai lokacin, a 1972, aka harba tauraron Landsat na farko. A 1974 Joseph Otterman ya nuna hoton iyakar Sinai da Negev: ɓangaren da dabbobi suka cinye ciyawarsa ya yi fari, ɓangaren da aka killace ya yi duhu, iyakar kamar an ja ta da rula. A 1975 Jule Charney, babban masanin yanayi a Amurka, ya gina ra'ayi a kan irin wannan. Ya ce idan kiwo da noma suka tsiraita ƙasar Sahel, za ta yi fari, ta mayar da hasken rana, iskar da ke samanta ta yi sanyi ta riƙa sauka maimakon tashi, hadari ya kasa haɗuwa, ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa, haka abin zai yi ta zagayawa. Da shi da abokansa suka gwada a kwamfuta, suka ɗaga albidon yankin daga kashi 14 zuwa 35, sai ruwan damina ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Ra'ayin ya yi farin jini, ya shiga rahotannin hukumomi, ya shiga littattafan makaranta, har ya iso allunanmu a gajarce: makiyaya da manoma su suka jawo fari. Da yawa daga cikinmu haka aka koya mana, haka kuma muka koyar.

Amma da aka koma ga awo, sai labarin ya canja. A 1984 Marie-Françoise Courel da abokanta suka kwatanta hotunan taurari daban-daban, har da Landsat da Meteosat, suka ga cewa a wuraren da suka duba a yammacin Sahel hasken da ƙasa ke mayarwa a rani ya sauko daga kimanin kashi 30 a 1973 zuwa kimanin 20 a 1979. Wato ƙasar ta farfaɗo da ɗan ruwan da ta samu, ga shi kuma fari ya dawo da ƙarfi a 1983 da 1984. A 1986 masana a hukumar yanayi ta Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa damina a Sahel tana bin bambancin zafin tekunan arewa da na kudu. A 1991 Compton Tucker da abokansa suka nuna daga awon taurari cewa bakin Sahara yana matsowa kudu a shekarar fari, ya koma arewa a shekarar ruwa. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka nuna cewa zafin teku kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan tarihin farin. Wasu binciken kuma suka nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wanda ke mayar da hasken rana ya sanyaya arewacin Atlantika, yana da hannu wajen tura damina kudu. Hukuncin da aka tsaya a kai shi ne, abin da Charney ya bayyana yana faruwa, yana iya ƙara wa fari tsanani da tsawo, amma tushen farin daga teku yake. A yankin Maraɗi da Damagaram kuwa, manoman da aka tuhuma su ne suka rungumi sassaben zamani tun daga shekarun 1980, suna barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, har hotunan sama suka nuna itatuwa sun dawo a miliyoyin kadada.

'Yan'uwa, a ƙasar da ɗora wa wani jinsi laifi ya riga ya ci rayuka, ya rufe makarantu, ya raba mu da ɗalibanmu na ƙauyuka, wannan ba ƙaramin darasi ba ne. A aji guda muna da ɗan manomi da ɗan makiyayi a kan benci ɗaya. Jimlar da muka rubuta a allo ba tare da mun binciki hujjarta ba, tana iya bin yaro har gida.

Sai dai kada wani ya fita daga nan ya ce malamai sun wanke masu sare daji. Dubi namu. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa murabba'in kilomita 1,121, kogin Mariga ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Daga sama, doka da maje da kawo da kaɗanya da taura suna bayyana da duhu, gonakin da ke kewaye kuma da haske, musamman bayan girbi. Idan aka sare daji aka yi gawayi, ƙasar takan ƙara haske, ta mayar da rana fiye da da. Wanda ya riƙe ma'auni ɗaya zai ce ke nan wurin ya yi sanyi. Amma ma'aunin zafi yana ƙaryata shi, ƙafar da ta taka fako da tsakar rana ma tana ƙaryata shi. Itace yana zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ya fitar ta ganye, wannan tururi yana kwashe zafi kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafowa, kuma yana ƙara wa iska laimar da hadari ke bukata. A ƙasashe masu zafi irin tamu, sanyin da aka rasa ta wannan hanya ya fi wanda aka samu ta ƙarin haske, ga kuma iskar kabon da itacen ya saki, ga zaizayar ƙasa. Ke nan sare daji yana ƙona mu a nan gida, ko da ba shi ne ya hana damina a 1973 ba. Maganganun biyu gaskiya ne, kuma aikinmu ne mu koyar da su tare.

Haka ƙasarmu ke sauya fuska a idon tauraro cikin shekara guda. Da damina kore ce mai duhu a ƙarƙashin farin gajimare. Da kaka ciyawa ta bushe ta yi haske. Idan aka sa wa daji wuta, sai ta yi baƙi ƙirin na wasu makonni, ta sha rana fiye da kowane lokaci. Sannan hunturu ya kawo hazo daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ya shimfiɗa a kai. Mai kwatanta hoton bana da na bara, idan bai san watan da aka ɗauka ba, bai san ranar da aka ƙona dajin ba, zai yanke hukuncin ƙarya. Shi ya sa tauraro ke bukatar shaidar ƙasa. A 2006 aka kafa tashar awo a Yamai ta shekara guda, a watan Maris na shekarar wata babbar guguwar ƙura ta taso daga Sahara, aka auna ta lokaci ɗaya daga ƙasa da kuma daga tauraron Meteosat, sai aka gano cewa ƙurar tana shanye hasken rana fiye da yadda lissafin kwamfuta ya nuna. Nijeriya ma tana da nata idanun: hukumar NASRDA ta harba NigeriaSat-1 a 2003, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, na ƙarshen injiniyoyinmu ne suka haɗa shi. Yaran da za su gaje su suna zaune a gabanmu yau.

To, me za mu iya yi da abin da ke hannunmu? Muna ba da shawara huɗu, ba wadda ke bukatar kuɗi mai yawa.

Ta farko, a sami gwangwani biyu masu girma ɗaya, a shafa wa ɗaya farar ƙasa, ɗaya baƙin tukunya, a zuba ruwa daidai, a ajiye a rana awa ɗaya, yara su auna zafin. Amma kafin nan, idan akwai ma'aunin zafi biyu, a tsoma su cikin ruwa ɗaya a ga ko sun yi daidai. Sau da yawa ba za su yi ba, kuma wannan bambancin shi ne babban darasin ranar.

Ta biyu, a ranar da aka zaɓa, da ƙarfe ɗaya na rana, a auna zafin ƙasa a wurare uku a harabar makaranta ko kusa da ita: ƙarƙashin ɗorawa ko mangwaro, kan fako, da inda aka ƙona ciyawa. Ba sai an kai yara daji ba. A tambaye su dalilin da ya sa wurin da ya fi haske ba shi ne ya fi sanyi ba.

Ta uku, kowace makaranta ta buɗe littafi guda: ranar ruwan farko, yawan ruwan da aka tara a ma'auni, ranar da hazo ya sauka, ranar da aka hango hayaƙin gobarar daji. A ƙarshen zango, a kawo littafin Randagi a ajiye kusa da na Kakangi, na Dogon Dawa kusa da na Kuyello, a ga inda suka dace da inda suka saɓa, a nemi dalili. Idan za a yi wa malami canjin wurin aiki, ya zauna da magajinsa su yi awo tare ko da na mako ɗaya ne, kamar yadda tsohon tauraro ke miƙa wa sabo.

Ta huɗu, mu duba rufin azuzuwanmu. Kwanon da ya yi tsatsa yana shan rana, wanda aka shafa wa farin fenti yana mayar da ita, kuma duk malamin da ya koyar da ƙarfe goma sha biyu a watan Maris ya san abin da digiri biyu ko uku ke nufi ga hankalin yaro. Wannan magana ce da za a iya kai wa kwamitin iyaye da malamai, tare da awon da yaran suka yi da hannunsu.

Mu malamai mun san cewa takardar jarrabawa mai muhimmanci ba a barin makinta a hannun mutum ɗaya, sai wani ya sake dubawa. Mun kuma san cewa ba a tsayar da wata da shaidar da ba a tantance ba. Wannan ɗabi'a ita ce ta ceci masu CERES da masu kallon wata daga kuskurensu, ita ce kuma ta sauke wa manoma da makiyayan Sahel nauyin da ya wuce nasu. Idan muka dasa ta a zukatan yaranmu, za su riƙa tambaya: wa ya auna, da wane mudu, wa kuma ya sake aunawa? Za su yi wannan tambaya a kan hasken rana, za su kuma yi ta a kan jita-jitar da ke shigowa wayoyinsu game da maƙwabtansu.

Idan sabon wata ya kwana biyu, ku fito da 'ya'yanku tsakar gida bayan magariba, ku nuna musu hasken tokar nan, ku gaya musu daga ina ya fito.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawwamar da zaman lafiya a ƙasar Birnin Gwari, ya mayar da kowa gidansa lafiya.